Na Mari Surukina a Tsakiyar Kogi

Wudil, daminar 1955

Mai karatu, tun kafin mu yi nisa ka sani raina a ɓace yake, saboda haka in ka ji maganata da zafi kada ka ce Lubabatu ba ta da kunya. Kunya kam ina da ita, ita ce ma take neman cinye mini aure. Yau kwana goma sha uku ana kallona a gidanmu kamar wadda ta yi abin fallasa, alhali abin da na yi, da namiji ne ya yi shi da tuni maroƙa sun cika ƙofar gidansu. Kai, ai ma sun cika, don ga yayana Bilya can yana yawo cikin sabuwar riga saboda aikin da bai yi ba. Amma bari in bi da kai a hankali.

Luba ake ce mini. Babana Malam Isyaku manomi ne, gidanmu yana gangaren da ke kallon kogi. Shekarata goma sha tara, sa'o'ina duk suna ɗakin miji, wasu har da goyo, ni kuwa ciwo ne ya tsayar da ni. Shekara biyu da suka wuce zazzaɓi ya kayar da ni bayan girbi, na yi wata bakwai a kan tabarma. An sha rubutu, an sha saiwa, an ɗora ni a jaki an kai ni disfensare. Da ciwon ya gaji ya sake ni, sai ya bar ni ƙashi da fata, ƙafafuna kamar sillen kara. Daga ɗaki zuwa bakin randa sai na huta sau biyu. Maganin Inna shi ne a ɗura mini kunu da nono da man shanu, kuma kada in motsa. Ina ci, ciki yana fitowa, ƙafafun suna nan yadda suke.

Goggo Indo ce ta kawo ƙarshen wannan kiwo. Ƙanwar Baba ce, ta auri masunci, ya rasu ya bar ta da bandar kifi da baki marar linzami. Ta shigo wata safiya tana ƙamshin hayaƙi, ta latsa ƙwaurina da yatsa, ta dubi Inna ta tambaye ta ko akuyar layya take kiwo. Ta ce yarinyar nan ruwa take so. Inna ta ce a kan gawarta, Goggo ta ce to Allah ya jiƙanta, ta sunkuya ta goya ni, ƙatuwar budurwa da ni, har mashayar mata da ke bayan duhuwar gamba.

Can ta kifa ni a kan babban gora irin na masunta, ta tura ni inda ruwa ya kai mata ƙugu.

“Ƙasa nauyinki take ji shi ya sa take kayar da ke,” in ji ta. “Wannan kuwa ɗaukarki zai yi. Buga ƙafa.”

Agogonta ɓarin goro ne. Sai ta jefa shi a baki ta ce in yi ta bugawa har ta cinye, kuma wallahi Goggo da gangan take tsotsarsa. Ranar farko ko rabi ban kai ba na fashe da kuka, ta ce in yi kukan ina bugawa, ai ba da ƙafa ake kuka ba. Bayan wata guda ta fizge goran ba sanarwa, na sha ruwan Wudil har na ƙoshi. Daga nan ta koya mini jan ruwa da hannu, da kwanciya a rigingine in na gaji, da nutso. In na nutsa takan tsaya tana karanta Ƙulhuwallahu tana lissafi da yatsu. Da ƙafa uku na fara, na zo na kai goma sha biyu. Abin da ya fi wuya shi ne yin gaba da ruwa, kana ja yana turo ka, amma ta ce shi ne ke buɗe ƙirji. Kafin wata damina ina zuwa tsibirin yashi in dawo sau biyu ban tsaya ba.

Ba yabon kai ba, jikina ya dawo ya wuce yadda yake da. Tumbin kunun nan ya ɗame, ƙugu ya tsuke har sai da na rage jigidata, kafaɗa ta buɗe, ƙwauri ya cika. Numfashin da a da ko magana ba ya isa, yanzu ina hawo gangare da tulu a ka ina waƙa. Tuwo malmala biyu nake tashi da shi, in kwanta barci kamar an jefar da ni. Daka kuwa, ni kaɗai nake gama abin da mu biyu muke yi da Inna. Da fari ta ji daɗi, har tana cewa a kai wa Goggo ƙosai. Daga baya ta fara ƙorafi, wai mace da damtse kamar maƙeri, wa zai kwasa.

To, an sami mai kwasa. Ƙasimu malamin sikeli ne a rumfar awon gyaɗa, dogo, mai sanyin magana, kullum da alƙalami a maƙale a hula. A rumfar Goggo ya fara ganina, tun ina jan ƙafa. Yakan rubuto 'yar takarda da ajami, Goggo ta cusa a ƙasan kwandon kifi ta kawo mini, shi ya sa duk wasiƙunsa ƙarnin tarwaɗa suke yi, ni kuwa in shinshina in ji kamar turare. Ina so ka riƙe wannan, mai karatu: ya san ina iyo. Akwai wadda ya rubuto ya ce, “Luba, an ce jiya sau biyu kika je tsibiri. Ki rage mana, kada ki fi ni ƙarfi in rasa bakin magana a gidana.” Na yi dariya har Inna ta leƙo. Manya suka shiga magana, aka kawo kayan sa rana, goro ƙwarya biyu da atamfa turmi uku da fatala da tasar alewa, aka ce sai bayan kaka.

Babansa kuwa dillalin shanu ne a kara, mutum mai rawani da gemu da girma a gari. Tun ranar da aka karɓi goron nan bakina bai sake kama sunansa ba, kamar yadda kowace 'yar mutunci take yi. In na hango shi a hanya sai in faɗa zauren da ya fi kusa, ko na waye. Akwai ranar da na shige gonar dawa da tulu a kaina na tsuguna har ya wuce, ƙaiƙayi ya cinye ni. Shi ma in ya lura da ni sai ya kau da kai ya kama duban sama. Fuskarsa ban taɓa ƙare mata kallo ba. Amma yau zan faɗi sunan, Malam Gwadabe, don wannan kunyar a cikin ruwa na baro ta.

Ranar Juma'a ce, ranar kasuwa, kogi ya cika ya yi ja. Goggo ta hana ni nisa, ina gefe ina yin gaba da ruwa da fatarina da ɗaurin ƙirji, ita tana wanke kwando, wasu mata biyu suna wanki. Sai ga jirgin Maikano mai fito ya taso daga tsallake da mutum uku da buhuna da akuya. Ya kai tsakiya ke nan wani ƙaton kututture da ruwa ya kwaso ya daki gefensa, jirgin ya kife. Maikano da mutum biyu suka kama bakin jirgin. Na ukun ruwa ya yi ƙasa da shi, sai farar riga nake gani tana kumbura tana nutsewa.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ji Goggo tana cewa ta baya, ta baya, don ta sha gaya mini mai nutsewa ba shi da uwa ba shi da uba, in ya kama ka tare za ku tafi. Na yi niyyar bi ta bayan, ruwa ya juyo mini da shi, ya ƙanƙame wuyana da hannu biyu. Muka yi ƙasa. Dokar masunta a nan ɗaya ce, kuma ita na bi. Da muka taso na zare hannuna na dama na zabga masa mari, bai saki ba, na ƙara masa wani da dukkan ƙarfin da kogin nan ya ba ni. Sai da hannuna ya sauka na biyun na gane fuskar.

Ka ce in yi yaya? In ce masa gafara Baba in sake shi? Babbar rigarsa ta sha ruwa tana jan mu, na cusa hannu a wuyanta na keta ta, ta tafi. Rawani tuni ya yi gaba. Kansa a aske ƙwal, ba abin kamawa, sai gemu. Na naɗe shi a hannuna, na kwanta rigingine na ɗora haɓarsa a sama, na yi ta bugun ruwa da ƙafafun nan da Inna take cewa sun yi kauri. Ban san iya nisan da ruwa ya kai mu ba, na dai san lokacin da bayana ya taɓa yashi idona duhu yake gani. Da na jawo shi tudu sai na ga ashe zariya ma ta tsinke, wando ya bi riga. Na kau da kai, Goggo ta iso da gudu ta yafa masa zanena da na bari a gaɓa, muka kifa shi tana danna bayansa har ya amayar da ruwan. Ya buɗe ido, ya dube ni, ya mayar ya rufe.

Nan ne Bilya ya shigo labarin. Yayana maɗinki ne, ko a kwatami ka jefa shi sai an ciro shi. Inna ce ta aiko shi karɓar kifi wurin Goggo. Shi ya saɓa Malam a baya ya ratsa gari da shi a ranar kasuwa, jikinsa ya jiƙe sharkaf da ruwan jikin mutumin. Jama'a suka ga jiƙaƙƙen saurayi ɗauke da dattijo, suka gama lissafinsu. Kafin a sauko Juma'a an ce Bilya ya yi nutso sau bakwai, kafin la'asar an ce har da kada ya yi kokawa. Malam Gwadabe bai gyara ba. Washegari ma sai ga aike, riga sabuwa mai aiki da hula, wai tukuicin ɗa na gari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da a nan aka tsaya da na haɗiye, Allah ya sani. Ban yi don riga ba. Amma matan nan biyu masu wanki ba kurame ba ne, kuma ba bebaye ba. Kafin Litinin labari ya zama biyu a gari, na biyun kuwa ya fi daɗin faɗa. Aka ce a kara in Malam ya doso sai dillalai su kama shafa gemu suna tambayar juna lafiyar ruwa. Daga ranar ya daina fita, ko masallaci sai dai a ce ba ya jin daɗi.

Ran Alhamis yayarsa, Iya Talatu, ta zo gidanmu. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gona, ta tambayi ruwa, ta tambayi har kaji, ina ɗaki ina ji. Sannan ta sauke abin da ta ɗauko. Ta ce ɗan'uwanta ya ce yarinyar da ta ɗaga hannu ta mare shi, ta ja gemunsa, ta ga tsiraicinsa, da wane ido za ta durƙusa ta gaishe shi, shi kuma da wane baki zai amsa? Gida ɗaya ba zai ɗauke su ba. Amma tun da an riga an ci goro, akwai mafita. Mako mai zuwa za ta dawo da dattawan matan gidansu, a gabansu in faɗa da bakina cewa ba ni ba ce, Bilya ne, ni ban ma iya ruwa ba, wanka kawai nake zuwa. Kuma don maganar ta zauna, daga ranar kada a sake ganin ƙafata a kogi, ko kafin aure ko bayansa. In na yi haka biki yana nan, in na ƙi a haɗa musu kayansu.

Ka ji fa. Ba godiya, ba sannu, ba ya jikin yarinya. Ni da na kwana uku wuyana ba ya juyawa saboda shaƙar da ya yi mini, ni ce kuma zan wanke shi da ƙarya.

Tun daga ranar Inna ba ta bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In ina tsefe kai tana kaina, in ina tankaɗe tana kaina. Wai mene ne a ciki, kalma uku ce, mata nawa suka haɗiye abin da ya fi wannan suka zauna lafiya. Wai shekarata goma sha tara, in wannan ya kuɓuce wa zai zo, ga shi an ce ina marin dattawa. Har kuka ta yi, ta ce dama ta faɗa, ruwan nan ba zai bar mu haka ba. Na ce mata ruwan nan shi ya tashe ni lokacin da aka fara yi mini kallon gawa. Ta ce to ai na tashi, sai me kuma, magani in ya yi aiki ajiye shi ake yi. Baba kuwa sai ya riƙa daɗewa a gona fiye da kullum. Da na kai masa tuwo ran Asabar ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Ki yi abin da uwarki ta ce, Allah ya san gaskiya.” Wannan ta fi duk surutun Inna ciwo.

Bilya ma har da bakinsa. Ya shigo cikin rigar nan yana taku ɗaiɗai, wai in rufa masa asiri, yanzu in gaskiya ta fito ina zai sa kansa. Na ce ya zo mu je mashaya in koya masa ko bugun ƙafa ne, don ranar da wani zai faɗa ruwa a ce a kira Bilya. Ya fice bai waiwayo ba.

Goggo Indo kaɗai ce a bayana, ita kuma da faɗa take nuna ƙauna. Ta tsaya a tsakar gida ta ce dattijon da bai ji kunyar shaƙe 'yar mutane ba shi ne zai ji kunyar mari. Ta ce a gidan masunta wanda aka mara a ruwa rago yake kaiwa. Inna ta ce ai nan ba gidan masunta ba ne. Da za ta tafi ta ajiye kwando a ƙofar ɗakina, na ɗaga ganye na sami takarda. Layi biyu ne kawai: “Zan zo Laraba bayan la'asar. Don Allah ki saurare ni kafin ki yi fushi.” Ai kuwa ya makara, fushi ya riga shi zuwa.

Duk da haka ran Laraba na yi kwalliya, kada ka tambaye ni dalili. Na ɗaura atamfata mai ganyen rogo, na sa kwalli, na yafa gyale. Da na ɗaga hannu zan ɗaura kallabi na ga damtsena a ɗan madubin Inna, sai na tsaya ina dubansa. Wata shida in ban shiga ruwa ba duk wannan zai saki, na sani, don ko makon nan da aka tsare ni ƙafafuna sun fara nauyi da safe. Tsoron tabarmar nan bai taɓa barina ba.

Ƙasimu yana zaure a tsaye, ya jingina kekensa, ya rame. Na durƙusa daga bakin ƙofa muka gaisa kamar baƙi. Ya fara da ba ni labarin babansa, yadda ba ya cin abinci, yadda yake zama a ɗaki ya juya wa ƙofa baya, mutumin da shekara talatin in ya yi magana a kara ba a mayar masa. Ya ce shi ya san ni ce, uwarsa ta sani, babansa ya fi kowa sani, kuma har abada ba zai manta mini ba. Abin da ake nema kawai mayafi ne da tsoho zai rufa ya fita cikin mutane. Ban ƙi ta tasa ba, har na ji tausayin tsohon ya ɗan taɓa ni. Sai ya ɓata.

“Iyon kuma ai dama in kin shiga ɗaki dainawa za ki yi,” in ji shi. “Wace matar aure ce take zuwa kogi?”

“Goggo Indo.”

“Goggo daban.”

“Da kake rubuto mini in rage, ashe in daina kake nufi?”

“Luba, wasa daban, zaman gida daban. Ai kin warke.”

Fiye da shekara ina karanta takardun mutumin nan ina cewa na sami wanda ya gane, ashe kallon yarinya mai wasan ruwa yake yi mini, yana jira in girma. Na miƙe tsaye, abin da ban taɓa yi a gabansa ba.

“Tambaya ɗaya zan yi maka, Malam, kuma ka ji tsoron Allah ka ba ni amsa. Da na gane shi tun daga nesa, na ji kunya irin wadda ake so, na juya baya na bar ruwa ya tafi da shi, da an fasa aurenmu?”

Ya ce subhanallahi, wace irin magana ce wannan. Na ce amsa nake jira. Ya cire hula ya mayar, ya dubi ƙasa. Ƙasimu bai iya ƙarya ba, abin da ya sa na so shi ke nan, kuma shi ne ya kashe ni a ranar.

“Da an ɗaga,” ya ce a hankali, “zuwa bayan sadakar arba'in.”

Na ce na gode. Ya kira sunana sau biyu, ban juyo ba. Na shige ɗaki na cire atamfar na ninke cikin haushi. Wato da na zama mai kunya da yanzu ina da miji, shi kuma ba shi da uba.

Yau Alhamis da hantsi suka zo, Iya Talatu da tsofaffi uku, kowacce da lulluɓi har ƙasa. Inna ta share tsakar gida tun da safe, ta fito da tabarmar baƙi, ta dama fura. Ta sa an fito da kayan sa ranar an jera a gefe, wai don su ga ba a taɓa komai ba, ni kuwa na san don in gani ne in tuna abin da zan rasa. Goggo Indo ta zo ba a gayyace ta ba, ta zauna a kan turmi tana tsotsar goro. Aka kira ni, na durƙusa a gefen tabarma, kaina a ƙasa. Inna ta matso har gwiwarta tana taɓa tawa.

Iya Talatu ta yi gyaran murya ta ce ba dogon zance ba ne, 'yan gulma ne suka ɗora wa yarinya abin da ba ta yi ba, an zo ne a wanke ta. Ji fa, ni ake wankewa. Sannan ta juyo gare ni da murya mai taushi.

“'Yata, faɗa wa iyayenki. Ranar nan wa ya ciro Malam daga ruwa?”

Inna ta mintsine ni a cinya. Wallahi na so Ƙasimu, har a wannan lokacin ina son sa, kuma na buɗe baki ban san wace za ta fito ba.

“Ni ce, Iya,” na ce. “Ni na ciro shi, ni na mare shi, sau biyu. Ban yi don raini ba, na yi don ya rayu. In ya sake faɗawa gobe zan sake shiga, in ya shaƙe ni zan sake marinsa. Kogi kuma ba zan daina zuwa ba.”

Inna ta ɗora hannu a ka. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta ja salati, Iya Talatu kuwa ta miƙe ta kakkaɓe zane, ta nuna kayan da haɓa. Suka fara haɗawa, atamfa a kan atamfa, ina kallo ana ɗaure aurena a cikin tsumma. Ban yi kuka ba, na ƙi in ba su wannan.

Sai muka ji tari daga zaure. Ashe ba su kaɗai suka zo ba, ashe tun shigowarsu Malam Gwadabe yana zaune a can tare da Baba, ya zo ya ji da kunnensa yadda za a wanke shi. Muryar ta dushe, amma na gane ta.

“Talatu, ku ajiye kayan nan tukuna. Ita da ta iya faɗa a bayan katanga, ta fito ta maimaita a gabana.”

Tsofaffin suka dubi juna, don ba a taɓa jin suruki ya kira matar ɗansa ido da ido ba. Inna ta damƙe wuyan hannuna tana raɗa mini in tsaya, in ce ba ni da lafiya, in ce komai. Goggo Indo ta tofar da goronta ta ce a sake ta.

Ban jira a sake ni ba. Na zare hannuna, na gyara ɗaurin zanena, na nufi zaure.